Kwikwiyon da Wade Ya Kawo

Na daɗe ina binciken irin karen da za mu kawo gida. Mijina Rhys babba yake so, don aikin haƙar ma'adinai kan ɗauke shi daga garinmu Charters Towers ya bar ni da yara biyu. Ni kuwa wanda zan iya juya wa baya in shiga kicin nake so. Tilly shekararta biyar, Jed bai daɗe da fara tafiya ba. Na tambayi likitan dabbobi, na tambayi iyayen yaran ajin su Tilly. Mai yawan gashi zafin garinmu zai kashe shi. A ƙarshe ni da Rhys muka tsaya a kan irin da ake kira Labrador, mai sanyin hali.

Ranar Lahadi muna gasa nama a bayan gida sai ga Wade, wan Rhys, da motarsa mai keji a baya. Farautar aladen daji ce rayuwarsa. Ko gaishe ni bai yi ba. Ya zaro farin kwikwiyo daga cikin rigarsa ya ɗora wa Tilly a hannu.

"Naki ne, 'yar Baffa. Bull Arab ne, jinin mafarauta."

Tilly ta ƙwalla ihun murna ta ƙanƙame shi.

Na ce, "Wade, wa ya aike ka?"

"Au, sai an nemi izini kafin a yi wa 'yar ƙanina kyauta, ranki ya daɗe?"

"Karen da aka haifa don ya cafke kunnen alade? Ka dubi Jed da kyau."

"To ai ɗanki ba alade ba ne. Ko kina shakka?"

Na juya ga Rhys. Yana ta juya naman da ya riga ya gasu.

"Ka yi magana mana."

"Ku bari a ci abinci tukuna, Leanne."

Wade ya nufi mota ya buɗe keji. Uwar kwikwiyon ta diro, ƙatuwa, ƙirjinta duk tabon haƙoran alade. Kafin in ajiye farantin hannuna Jed ya isa gare ta, ya damƙi kunnenta ya ja iya ƙarfinsa.

Karyar ta kwanta. Ta lashe masa gwiwa.

Wade ya tuntsire da dariya. "Kin gani? Ta fi ki haƙuri."

Na fizge Jed. "Da ɗana kake gwaji? Da ta kama shi fa?"

"Ta kama shin?"

Na miƙa wa Rhys yaron, na je wurin Tilly. Sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya kafin na raba ta da kwikwiyon. Tana kuka tana dukan cinyata. Na kai shi keji da kaina.

"Ka fitar min daga gida."

"Gidan ƙanina ne."

"To ya faɗa da bakinsa."

Rhys bai ɗago kai ba. "Yaya, ka tafi kawai."

Wade ya yi wa karyar fito, ya tofar da yawu a kan ciyawa, ya nuna Rhys da baki. "Me za ku yi da Labrador kuma? Ai ga naku nan riƙe da jariri."

Da damina ta wuce muka ɗauko Labrador ɗin, baƙi, muka sa masa suna Moss. Ya cinye takalman Jed, yana tsoron ƙadangare, baƙo kuwa da wutsiya yake tarbarsa. Jed a jikinsa yake barcin rana. Tilly ba ta taɓa kiran sunansa ba, "karen Mama" take ce masa.

Wade bai sake tako gidanmu ba, ko da Kirsimeti. Ya riƙe kwikwiyon, ya kuma bari Tilly ta raɗa masa suna ta waya. Duk Asabar ɗin da Rhys ke gari sai ya ce za su je sayen ƙusa shi da Tilly. Ta dawo da farin gashin kare a rigarta, ta wuce ni a bakin ƙofa ba magana. Ni nake wanke rigar.