Gaisuwar Baba

Babi na huɗu na bincikenta na jami'a, a kan gaisuwar mahaifinta ta gina shi. Wasiƙun da ya riƙa aiko mata tana makaranta kowace na da gaisuwa layi goma sha ɗaya, har akuyar gida sai ya ba da labarinta. Yanzu saƙonsa na waya kalma biyu ne: "Muna lafiya." Ta rubuta cewa waya ta cinye gaisuwa. Jibi za ta miƙa aikin.

Ta je gida ta karanta masa babin a falo.

"To, Malama mai bincike, miƙo min wayar," in ji shi.

Ya daɗe yana neman harafi ɗaya, yatsansa na rawa, yana ta danna na kusa da shi.

"Wa ya ce miki gaisuwa ta ƙare? Hannun ne ya ƙi."

Ta nuna masa inda zai yi magana wayar ta rubuta. Ya gyara murya, ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙirga: layi goma sha huɗu.

"Baba, ka rushe min babi."

"Sai ki sake. Ban ma zo kan akuyar ba."