Hoton Hasnah a Shagon Daeng Rewa

Shekara bakwai ina ɗaukar hoton biki a birnin Makassar, ina gyarawa da kwamfuta ɗaya, har ta kai idan na buɗe hoton amarya sai in tashi in dafa shayi kafin ya gama fitowa. Abin da ya ƙure ni bikin 'yar wani mai jiragen ruwa ne. A allon kwamfutata rigar amarya koriya ce shar, da aka wanko hotunan sai ta fito kamar ganyen da ya kwana a miya. Uwar amarya ta ɗaga hoto ɗaya da yatsu biyu ta ce, "Tenri, 'yata ce wannan ko mara lafiya aka ɗauko daga asibiti?"

Washegari da hantsi na rubuta abin da nake so a takarda, na hau babur sai kasuwar kwamfuta.

Shagon Daeng Rewa aka kwatanta mini, a bene na biyu. Na same shi yana cin soyayyar ayaba da yaji, yana goge yatsunsa a gefen wando. Ya karɓi takardata, nan take maiƙo ya huda ta.

"Ƙanwata, wa ya rubuta miki wannan? Maigida?"

"Ni na rubuta, Daeng."

"To ajiye ta. Zo ki ga kaya." Ya ja ni gaban wata ƙatuwar kwamfuta mai gilashi a gefe, fankoki shida suna juyawa da fitilu ja da shuɗi. "Wannan ko aljani kika saka mata sai ta gyara shi."

"Ba wasan harbe-harbe zan yi ba. Ram, wato ƙwaƙwalwar aiki, mai giga talatin da biyu nake so, da ma'ajiya biyu, ƙarama mai sauri don aiki, babba don ajiya. Katin hoto matsakaici ya ishe ni. Allo ne ba na son wasa da shi. Ka ba ni wanda idan ya ce kore, to kore ne."

"Allo ai allo ne."

"Je ka faɗa wa uwar amarya haka."

Ya yi dariya har guntun ayaba ya faɗo kan madannan rubutu, ya ɗauka ya mayar baki. Mun fi rabin awa muna ja. Duk abin da na ce sai ya ce mata ba su cika gane wannan ba, sannan ya dawo ya maimaita maganata kamar shi ya ƙirƙiro ta. Da ya ga ba zan sayi fitilu ba, ya nuna wata baƙar kwamfuta a ƙarƙashin teburinsa.

"Tawa ce ta kaina. Kusan abin da kika rubuta ke ciki. In ta yi miki sai in haɗa miki irinta."

Na ce sai na gwada. Na zo da wani hoto mai nauyi a filas, 'yar ma'ajiyar aljihu, na dangin ango mutum tamanin a jere. Ya matsa mini kujera, ya juya yana amsa waya. Na buɗe manhajar gyaran hoto, kuma kamar yadda take yi kullum, ta jero ƙananan hotunan da aka yi aiki a kansu kwanan nan.

Duk mata ne. Wata a bakin madubi, wata tana barci, wata yarinya cikin kayan makaranta. Babu wadda ta yi kama da wadda ta san baƙo zai gan ta. Na huɗu a jerin kuwa ni na ɗauke shi da hannuna, hoton Hasnah ne.

Hasnah maƙwabciyata ce, mijinta Mappa yana aikin jirgin ruwa, sai ya yi wata tara bai taka gida ba. Da cikinta ya kai wata takwas ta roƙe ni in ɗauke ta don ta aika masa. A ɗakinta muka yi, ƙofa a kulle, kanta ba ɗankwali, ta yi ɗaurin ƙirji, tana ta dariya tana rufe fuska don kunya. Na danna hoton ya buɗe. Fuskarta ce, dariyarta ce, amma an cire zanin an liƙa mata jikin wata, har an zauna an daidaita launin fata a wuya don kada a ga mahaɗin. Wanda ya yi aikin ya ɓata lokaci a kansa.

Sai a lokacin na ji tafin hannuna yana danƙo da maiƙon da ke jikin linzamin kwamfutar.

"Kai, kai, ba nan ba!" Daeng Rewa ya yar da waya ya kawo hannu. Na dafe linzamin.

"Ina ka samo wannan?"

"Na gwaji ne kawai. A intanet suke."

"Ƙarya kake. Hasnah ta kawo maka kwamfutarta gyara watan jiya, ni na rako ta har ƙofar kasuwar nan."

Ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Haba ƙanwata, wasa ne. Ba wanda ya gani. In goge yanzu a gabanki, kuma in yi miki ragi a allon nan da kike so."

Ragin ne ya fi komai ƙona mini rai. Na zauna daram a kujerar, na sa ƙafa na tokare kwamfutar, na kira Hasnah. Ban iya faɗa mata duka ba, na ce ta zo kawai, kada ta zo ita kaɗai.

Da surukarta ta zo, Hajiya Cenning, mai sayar da kifi a bakin teku, ko hannu ba ta tsaya wankewa ba. Hasnah na rungume da jaririnta. Ta dubi allon sau ɗaya, ta juya ta fita baranda, na ji tana kakarin amai. Hajiya Cenning kuwa ta daɗe tana kallo, sannan ta dubi Daeng Rewa daga sama har ƙasa.

"Ɗana, kana da uwa?"

"Hajiya, ki yi haƙuri, kuskure..."

"Shekara talatin ina fasa cikin kifi, ban taɓa jin wari irin naka ba. A ina abin yake zaune?"

Na nuna mata. Masu shagunan kusa sun cika ƙofa, biyu daga cikinsu suna ta sunkuyar da kai, na gane ba yau suka fara ganin hotunan ba. Ta sa shi ya kwance ma'ajiyoyin kwamfutar duka biyun da hannunsa. Ta ari guduma wurin mai gyaran waya, ta durƙusa a kan siminti ta dinga dukansu har suka zama tarkace. Wani ya ce ai da an kai wa 'yan sanda. Ta ce, "Don su ma su zauna su kalla?"

Sati biyu shagon yana rufe. Da aka buɗe, an canja sunan da ke saman ƙofa, shi kuma yana ciki yana cin ayabarsa.

Kwamfutar a wani shago na saya, wurin wata 'yar Sin mai suna Cik Lanny, wadda ta karanta sabuwar takardata ta ce katin hoton ma ya yi mini yawa, in rage in ƙara a allo. Na tsaya a kanta har aka ɗaure notin ƙarshe, ban bar ma'ajiyata ta kwana a hannun kowa ba.

Ranar da na kunna ta, Hasnah ta shigo ta tsaya a bayana. Tun ranar kasuwa ba ta ƙara haɗa ido da ni sosai ba.

"Yaya Tenri, na asalin yana wurinki?"

Na ce yana nan. Na buɗe mata. A sabon allon ya fito da kyau fiye da yadda na taɓa ganinsa, hasken taga a kafaɗarta, zanin ruwan goro. A duk shekarun nan ban ɗauki hoton da ya kai shi ba.

"Goge shi," ta ce.

"Mappa fa?"

"Na ce masa ya goge nasa. Goge."

Na goge, na shiga kwandon sharar kwamfutar na sake gogewa tana kallo. Ta ce na gode, ta gyara wa jaririn hula, ta tafi ɗora shinkafa.