Layin Allin Baba Zadok

"Ba haka ake riƙewa ba, Ladan. Saki kan."

Cokali ne fa a hannuna, ba makirufo ba. Baba Zadok yana kwance a kan katifa, ƙafafunsa sun kumbura, kunun da ya kasa sha yana gefe ya huce, amma sai da ya sa na ɗauki cokalin na kai bakina.

"Shekara takwas ina gaya maka. In ka dunƙule kan da hannu, lasifika kuka za ta yi."

"Kai da aka sallamo ka daga asibiti jiya, kai ne za ka koya mini kiran salla?"

"Kiran salla naka ne," ya ce. "Kukan ne nawa."

Ni ne Hamajoɗa, ladanin masallacin layinmu a Jambutu, kuma katanga ɗaya ce tsakanina da shi. Shi da matarsa Mama Kwanye sun zo ne shekarar da aka watse daga Michika. Sun ɗan zauna a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, sannan suka kama ɗaki kusa da ni. Can gida gyaran rediyo yake yi a kasuwa.

Ranar Lahadi aka kai musu hari a can, suna cikin coci. Da harbi ya tashi, fastonsu ya saki makirufo, ya faɗi a gaban lasifika, ta kama wannan ihun mai tsaga kunne, ba mai kashewa. Cikin wannan ƙarar, a bakin ƙofa, hannun autansu Tumba ya suɓuce daga hannun Mama Kwanye. Har yau ba a gan shi ba, ko gawa.

Lahadinsu ta farko a cocin Jambutu lasifika ta yi kuka. Matar nan ta fita a guje ba takalmi, sai kusa da tasha aka tsinto ta a zaune bakin kwata. Shekara biyu ba ta ƙara taka coci ba. To shi ne Baba Zadok ya karɓi kayan sauti. Ya jawo lasifikoki gaba, suna fuskantar jama'a, bayansu ga mai magana. Ya ɗiga jan fenti a kan maɓallin ƙarfin murya, iyakar inda za a murɗa ke nan. Ya ja layin alli a kan siminti, ya ce duk mai riƙe da makirufo kada ya tsallake shi, ko fasto ne. Kowace Lahadi da safe sai ya durƙusa ya sabunta layin. Da haka Mama Kwanye ta koma coci, amma kullum a bencin bakin ƙofa, takalmanta a hannu.

Tamu ta masallaci ma shi ya gyara, ya juyar da bakinta, ya hana ni tsayawa a ƙarƙashinta. Ni kuwa na yi ta baza labari wai maƙwabcina mutumin kirki ne. Da kirkin, ban musa ba. Amma sai daga baya na gane ta kan katanga ƙarar take shiga ɗakinsu.

Ranar cokalin nan ya jira har Mama Kwanye ta fita ɗebo ruwa, sannan ya kamo bakin rigata.

"Ranar da za a kai ni, ina so ta zauna har a gama. Ba ta binne Tumba ba. Kada nawa ma ya wuce ta."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan?"

"Bar wannan. Ka ji ni?"

"Ni da hulata da carbina, me zan yi a cocinku?"

"Ba addu'a na ce ka yi ba. Ido za ka sa."

"Silas fa?" Silas shi ne mai kaɗa musu kibod, magidanci ne da 'ya'ya huɗu.

"Silas ganga ta cinye kunnensa. Shi in kwanon rufi bai girgiza ba, murya ba ta fita ba." Ya numfasa da ƙyar. "Kai ka san muryar lasifika tun tana siririya, kafin ta fashe. Ni na koya maka."

Na ce to. Wallahi don ya sake mini riga na faɗa.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya cika. Ina dawowa daga masallaci na ji Mama Kwanye tana kiran sunansa a hankali, sau uku, sai kuma shiru. Na tsaya a zaure na kasa shiga, hawaye na zuba a gemuna.

Asabar da safe za a yi sujadar jana'iza. Na sa riga na cire, na sake sawa. Me mutanen masallaci za su ce? Wannan jan ƙafar ce ta sa na makara. A bakin ƙofar cocin masu gadi biyu suka tare ni, suka shafa ni da abin bincike daga wuya har idon sawu, suna kallon babbar rigata. Ban ga laifinsu ba, kowa ya san abin da ya faru a garin nan. Silas ne ya hango ni ya ce a bar ni.

Na leƙa ciki. Matan zumuntar coci, don girmama mamaci, sun wanke cocin fes da ruwa da sabulu, babu ko ɗigon alli. Lasifikokin kuma an mayar da su jikin bango, bayan mimbari, don a sami wurin ajiye akwati.

"Silas, ina layin? Wa ya taɓa waɗannan?"

"Ladan, ga mota nan da gawa ta iso. Yanzu ba a jan kaya."

"Ai kuwa za ta yi kuka."

"Ba za ta yi ba, Kawu. Ina lura."

Na zagaya ta waje na tsaya jikin taga, kusa da janareta. Daga nan ina ganin Mama Kwanye a bencinta na bakin ƙofa, da baƙin ɗankwali, takalmanta a cinya. Aka yi waƙa biyu lafiya. Sai wani daga cikin waɗanda ke zaune a rumfar waje ya leƙo ya ce ba sa ji. Ina kallo Silas ya miƙa hannu ya murɗa maɓallin, ya wuce jan fentin. Fasto kuma ya sauko daga mimbari da makirufo, ya juya zai nuna akwatin.

Sai na ji ta. Siririya, kamar sauro a bayan kunne. Ba wanda ya kula sai mu biyu. Mama Kwanye ta miƙe tsaye.

Ban san sanda na fizge wayar daga jikin janareta ba.

Komai ya ɗauke, fanka, kibod, muryar fasto. Kafin in ɗago, masu gadin nan sun danne ni da bango, ɗaya ya murɗe mini hannu, hulata ta faɗi cikin baƙin mai. Na ji benci ya fara motsi a ciki, wata ta ce "Yesu!"

"Ku sake shi!" Silas ne ta taga, idanunsa jajur. "Aikin Baba yake yi. Ku sake shi, na ce."

Suka sake ni. Fasto ya dubi makirufon hannunsa, ya dube ni da wayar a hannu, sai ya sunkuya ya ajiye shi a ƙasa. Ya ce kowa ya zauna. Ya ci gaba da bakinsa kawai, murya ƙasa ƙasa, har na waje suka matso jikin tagogi don su ji. Zafi ya rufe ɗakin, mata suna fifita da takardun waƙa. Ba wanda ya ce a mayar da wuta.

Mama Kwanye tana nan tsaye, fuskarta ga ƙofa. Ta daɗe a haka, har na cire rai. Sannan ta juya, ta bi tsakiyar cocin a hankali, ta zauna a kan simintin da aka wanke, ta ɗora tafin hannunta a kan akwatin. A nan take har aka yi addu'ar ƙarshe, kuma da aka ɗauke shi ita ce a bayansa.

Bayan kowa ya fita na shiga neman ruwan da zan wanke hulata. Takalmanta suna nan a kan bencin bakin ƙofa, ɗaya a kan ɗaya.