Ƙarshen da Na Zaɓa wa Direba

Ni na sa ƙanin matata ya rasa aikinsa a gidan talabijin, kuma a kan kujerar askina abin ya faru.

Shekara ashirin da biyu ina aski. Daga aji huɗu na bar makaranta, amma ba a yi mini wayo. A shagona akwai kujera biyu, benci ɗaya, madubi mai tsagewa a kusurwa, sai talabijin a kan katako sama da inda nake rataye kilifa. Duk Asabar ƙarfe biyar benci kan cika, ba don aski ba. Wani shiri mai dogon zango ake kallo, labarin direban babbar mota da manajan kamfani ya yi wa sharrin sata aka ɗaure shi. Matar direban tela ce, tana ɗinki tana jira. Ƙanin matata ke rubuta shirin. Ina ce masa Malam Biro.

Tun kashi na uku na faɗa wa kowa yadda za a ƙare. Direba zai fito, manaja zai shiga, tela za ta yi kuka a ƙofar gidan yari, a saka kiɗa mai sanyi. Ta kai da an nuna tsoho yana tari sai in ce saura mako biyu. Kuma ya mutu.

"Don Allah ka bar mu mu kalla," in ji Mai Walda, maƙwabcina.

"Me za ka kalla? Ai na gama maka."

Ba da ka nake magana ba, sai da na bincika. Duk wanda ya zauna a kujerata, na shafa masa kumfa, na ɗora aska a maƙogwaronsa, sai in tambaye shi, "Shirin nan raina mana hankali yake yi, ko?" Sai ya ce, "Ƙwarai kuwa." Ban samu mutum ɗaya da ya yi musu ba. Har Saje, tsohon ɗan sandan da ke gardama da mai karanta labarai a rediyo, ya ce "gaskiyarka" ba tare da ya motsa haɓa ba.

Saura kashi uku a gama, Malam Biro ya zo gyaran fuska. Ya ce daga yadda jama'a suka karɓi ƙarshen za a yanke ko za a ba shi zango na biyu, in ba a ba shi ba kuwa ya koma zaman gida.

Na kwantar da kujera, na ja masa fatar wuya.

"To ka fara neman tabarma," na ce. "Direba zai fito, ko?"

"Yaya, wa ya gaya maka?"

"Madubin can ma ya sani. Mutum sama da arba'in na tambaya a kujerar nan, kowa ya gaji. Kai da ka yi boko, ni da aji huɗu ina riga ka kaiwa ƙarshen labarinka. Ba ka jin kunya?"

"Mutane suna son su ga gaskiya ta yi halinta, Yaya."

"A ina? Ka taɓa ganin manaja a gidan yari? Ka ba su abin da ba su zata ba."

Ƙwallon maƙogwaronsa ya yi ta hawa da sauka a ƙarƙashin aska. Can ya ce, "Arba'in fa ka ce?"

"Sama da arba'in."

Ranar kashi na ƙarshe har ƙofa aka tsaya. Aka nuna takardar sakin direba ta iso. Na buɗe baki zan ce ga shi nan, sai gandiroba ya buɗe ɗaki ya tarar da shi ya mutu da zazzaɓi. Aka yi wa manaja ƙarin girma. Tela ta zo da sabuwar rigar da ta ɗinka masa, aka miƙo mata takalmansa a leda. Babu kiɗa. Sunayen 'yan wasa suka fara hawa.

Babu wanda ya yi motsi. Ni kaina na juya ina goge almakashin da ba shi da datti.

"Wane mara imani ne ya rubuta wannan?" in ji Saje.

"Wata takwas!" in ji Mai Walda. "Wata takwas ina kashe inji ina zuwa nan, don in ga takalmi a leda?"

Na ce, "Ba ku kuka ce an raina muku hankali ba? Kai Saje, da bakinka ka ce gaskiyata."

"Aska na wuyana, me kake so in ce? Ko cewa ka yi kai ka haife ni zan ce ƙwarai."

"Ai mun san zai fito," in ji Mai Walda. "Fitowar muka zo gani, kai sarkin sani."

A gida na tarar da matata ta kashe talabijin ta lulluɓe shi da zane. Ta riga ta yi waya da ƙaninta.

"Mutum arba'in, ko?" ta ce. "Ka tambayi ko ɗaya yana tsaye da ƙafafunsa?"

Ban tambaya ba, don haka na wuce ɗaki.

Mako guda wayar gidan talabijin ba ta huta ba. Wanda ya fito a manaja ya daina zuwa kasuwa. Ba a yi zango na biyu ba, kuma ba a tsaya nan ba, aka ce wa Malam Biro ya kwashe kayansa.

Har gobe ina cewa nawa ƙarshen ya fi kama da duniya. Shi dai Malam Biro yanzu tallan sabulu yake rubuta wa wani ƙaramin kamfani. Riga ta yi datti, a wanke, ta fita fes, uwar gida ta yi murmushi, duk cikin rabin minti. Ya bar gidan da yake haya, ya dawo ɗakin baƙinmu da akwatunan littattafansa da matarsa mai ciki.