Shanun Bilal a Gonar Dije

Damana biyu ke nan hatsin Dije ba ya wuce ƙugunta. Tun da mijinta Isma'ila ya rasu take noma gonar ita kaɗai, can gabas da Urno, kuma ruwa bai yi mata rowa ba. Amma ganyen ƙasa sai ya ɗashe ya koma rawaya, karan ya tsaya siriri, zangarniya ko tafin hannu ba ta kai ba.

Malamin gona da ya zo daga Madawa ya murza ƙasar a hannu, ya ce ba cuta ba ce, yunwa ce. Ya ce rawayar ganye rashin sinadarin azot ne, gajertar saiwa kuma rashin fosfor, duk shekara ana kwashe kara ana barin ƙasa tsirara. Maganinta taki ne. Dije ta ji, sai dai awakinta uku ne, kashinsu ko kusurwa ɗaya ba zai rufe ba.

Bayan girbi ta tafi kwasar ɗan karan da ya rage, ta tarar da shanu wajen arba'in kwance a tsakiyar gonar. Mai su ya taso, wani dattijo makiyayi mai suna Bilal, ya gaishe ta. Ya ce shekarar da rijiyoyin arewa suka ƙafe, Isma'ila ya bar shi ya shayar da garkensa wata guda a rijiyar garkarsa, wato lambunsa, bai karɓi komai ba. Sai bana ya ji labarin rasuwar.

"Ban samu zuwa gaisuwa ba, Inna," in ji shi. "Ki bar karan nan, su ci, su mayar miki."

Kwana hamsin suka yi. Duk kwana huɗu sai ya matsar da makwancinsu, har suka zagaye gonar. Dije tana kai masu fura, matar Bilal, Cima, tana cika mata ƙwaryar da nono. Bayan sun tashi, da ruwa ya sauka, ta bi shawarar malamin, ta haɗa shukar da wake.

Damanar da ta biyo, hatsin ya yi kore shar har ya shanye kanta. Dami talatin da ɗaya ta ɗaure. Ta ware huɗu mafi cika ta ajiye wa Bilal gefe a rumbu, tana yi masa addu'a, domin an ce garkensa ya riga ya baro Abalak, can arewa, ya nufo nan.