Ranar da Kum Obrad Ya Kashe Sabis

Tun da likitoci suka sa mijinta Stanimir a layin masu jiran dashen ƙoda, Vidosava ba ta sake rabuwa da waya ba. Da ita take tatsar akuya, da ita take shiga banɗaki. An faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: ranar da aka sami ƙodar da ta dace da shi za a kira, in ba a ɗauka ba a wuce ga na bayansa. Kafin nan sai wankin ƙoda a asibitin birni, ya tafi da ƙafarsa ya dawo kamar tsumman da aka matse.

Ana haka slavar gidan Obrad ta zagayo, wato ranar waliyyin gidansu. Obrad kum ɗinsu ne, shi ya tsaya musu a coci ranar aure, shi ya riƙe 'yarsu ranar baftisma. A garin nan kana iya zagin ɗan'uwanka ciki ɗaya gobe ku shirya, amma kum ko harara ba a yi masa. Ƙin zuwa slavarsa kuwa sai dai in gawarka aka kwantar.

Shi Obrad mutum ne mai son a saurare shi. Bara ya sha takaici, yana tsaye yana zuba jawabi, surukai da jikoki kowa ya duƙufa a kan waya. Bana kuwa sai ga gida ya cika da hira. Kyandir na ci, an zagaya da dafaffiyar alkama, gasasshen alade ya sauka, shi yana tsaye yana cika wa baƙi kofi da giyar gida, don mai gida ba ya zama ranar slavarsa. Sai washe baki yake kamar wanda aka naɗa sarauta.

Vidosava ta zaro waya ta duba.

"Kum, babu sabis a gidan nan."

"Ke Vida, ke da wannan abar! Iskar jiya ce ta taɓa ƙarfen sabis na kan dutse. Ci nama, naman nan ba ya buƙatar sabis."

Aka kwashe da dariya. Ta zunguri mijinta ta ce su tashi. Stanimir ya yi ƙasa da murya: "Ba a gutsura burodin slava ba za mu fita? A gidan kum? Zauna, don Allah, kar ki ja mana abin faɗa."

Ta zauna tana ta duba waya. Ba su samu fita ba sai da rana ta karkata. Suna haye gadar bakin gari waya ta hau kuka a cinyarta, saƙo na bin saƙo, duk daga asibiti. Nan take ta kira asibitin. Wata murya mai ladabi ta ce sun neme su sun gaji, har lambar 'yarsu sun gwada, ita ma ba ta shiga. To ina za ta shiga, 'yar tana can gidan Obrad tana wanke kwanuka? An ba wani ƙodar.

Stanimir ya tsayar da mota a gefen hanya, ya kifa kai a kan sitiyari.

Da iskar ce ta yi wannan aiki, da Vidosava ta haɗiye ta bar wa Allah. Amma washegari a shagon garin ta tarar ana ta dariya, wai Obrad ya yi maganin 'yan waya. Wani direban babbar mota ne ya shigo masa da ɗan akwati mai ƙahonni daga ƙetare, ya ɓoye shi a saman kabad, da ya danna sai sabis ya mutu daga gidansa har layin baya. Shi da bakinsa yake ba da labarin, yana bugun ƙirji.

Ta ajiye kwandonta a nan ta nufi gidansa. Ta same shi a tsakar gida yana wanke tulunan giya.

"Iska ko? Iska ce ta taɓa ƙarfe?"

Ya miƙe yana goge hannu. Labarin ƙodar ya riga ya iso shi, ga shi nan a fuskarsa. "Vida, ina zan sani a ce ranar za su kira?"

"Ba ka sani ba? Wa ya kai shi asibiti ranar da ya faɗi a gona? Ba kai ba? Na dube ka ido da ido na ce babu sabis, ka ce in ci nama!"

"Yini ɗaya fa na so a zauna kamar mutane, a dubi juna. Ki kwantar da hankalinki, wata za ta samu."

"Wata za ta samu! A gonarka ake tsinko ta? Sai wani ya mutu fa, Obrad, sai ɗan wata ya mutu kafin a kira mu!"

Ba ta taɓa kiran sunansa gatsau ba. Matarsa da ke leƙe ta taga ta dafe ƙirji, wai ita sunan ne ya girgiza ta, ba ƙodar ba.

A gida Stanimir ya roƙe ta. "Ba a kai kum ƙara, Vida. Kakana bai yi ba, ubana bai yi ba. Da wane ido zan shiga coci?"

"Da idon da zai rage maka," in ji ta, ta ɗaga waya ta kira hukumar sadarwa.

Suka zo da farar mota mai eriya a ka. Ko wahalar nema ba su sha ba, don gogan naka ya ji daɗin abin har ya kunna shi ranar Lahadi saboda jikoki. Jami'ar da ta sauko da akwatin ta yi masa bayani a gaban maƙwabta: doka ta hana shigo da shi, ta hana kunna shi, ko a cikin ɗakin kwananka ne, don ba ya tsayawa a katangarka, har kiran motar asibiti da na 'yan kwana-kwana yake toshewa. Akwati sun tafi da shi, tara mai nauyi tana tafe. Tunda kuma an jefa ran mutum cikin haɗari, maganar za ta je gaban alƙali, can kuwa har ɗauri yana iya biyo baya.

Obrad ya sayar da tarakta ya biya tara, ya shiga zaryar kotu. Sai garin nan, garin da ba ya jin kunya, ya tattara tausayinsa kaf ya kai gidan Obrad. Wayyo tsoho, wayyo tarakta. Vidosava kuwa in ta shiga shago sai hira ta mutu. Har wata ta tare ta a ƙofar coci ta ce mata, "Ai ko me ya yi, kum ne." Babu wanda ya tambayi yadda Stanimir ya kwana, shi da yanzu hawa matakalar gidansa sai ya huta a tsakiya. Shi ma kansa ya rage magana da ita, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Da sanyi ya shigo tasu slavar ta zo. Ta gasa burodi, ta kunna kyandir, ta jera kujeru. Baƙin bana ba su cika tebur ba. Kujerar babban baƙo, wadda Obrad ke zama tun ranar aurensu, tana nan babu kowa, kuma ba mai ƙarfin halin matsar da ita.

Stanimir ya ƙi zama, wai mai gida ne. Yana tsaye ya dafa bango, ƙafafu sun kumbura, leɓe ya bushe. Ya daɗe yana kallon kujerar nan. Can ya miƙo mata hannu.

"Ba ni wayar."

Ta ba shi tana jiran faɗa. Ya ja ƙafa har gaban kujerar, ya ɗora wayar a kan farantin kum, ya gyara mata zama.

"Ƙure mata ƙara, Vida," ya ce. "Kunnena ya fara nauyi."