Direban Da Ya Miƙa Makulli

Shekara ashirin da shida Baba Direba ya yi yana jan doguwar motar fasinja, kafin idonsa na hagu ya fara hazo, likita ya ce ya ajiye sitiyari. Ya ajiye, amma zaman gida ya ƙi karɓarsa. Ya kwance famfon da lafiyarsa ƙalau ya sake ɗaurawa, ya canza wa kujerun falo wuri sau uku a mako ɗaya, har matarsa ta ce in bai nemi abin yi ba, ita za ta nemi aikin da zai riƙa fitar da ita daga gidan. A haka ne ya zauna a teburin cin abinci ya fara rubuta labarin fim.

Ɗan ƙanwarsa ne ya zuga shi. Saurayi ne mai kyamara ɗaya da fitila biyu, aikinsa ɗaukar tallan shaguna da taron yaye ɗalibai, amma tun ranar da ya sayi wata baƙar hula mai baki ya hana kowa kiran sunansa, sai dai Darakta. Shi ya ce, "Kawu, labaran hanyar nan da kake ba mu ai fim ne. Ka rubuta kawai, sauran aikin nawa ne."

Labarin wani direba ne da 'yan fashi suka ƙwace wa mota, ya bi sawunsu har wani tsohon sito, ya kai 'yan sanda. A mako biyar suka gama ɗauka. Kafintan layinsu ya sassaƙa bindigogi ya shafa musu baƙin fenti. Dogo mai aski, wanda ya daɗe yana ɗaga ƙarfe a bayan shagonsa ba tare da kowa ya tambaye shi dalili ba, shi ya fito a jarumi.

Ranar Asabar da rana aka haska fim ɗin a zauren wata makarantar sakandare. An toshe tagogi da barguna da kwalaye, fanka biyu ne kacal ke juyawa, mutane sun kusa ɗari biyu. Baba Direba ya zauna a layin gaba da matarsa, ya sa tabaraunsa, ya harɗe hannu.

Dariya ta fara da wuri. Gashin bakin shugaban 'yan fashi ya ɓanɓare gefe ɗaya yana lilo, shi kuwa yana ta zare ido. A wurin tseren motoci, wani mai keke ya zo ya wuce su duka biyun, har yana waiwaye. Sai kuma ɗan fashin da aka harbe ya faɗi matacce, ƙuda ya sauka a hancinsa, gawa ta ɗaga hannu ta kore shi. Zauren ya kece. Baba Direba ma ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Wannan bai dame shi ba, ya san da abin da suka yi aikin.

Can aka zo wurin tare motar. Ɗan fashi ya ɗora bakin bindiga a kunnen direba. Dogo ya sauko a hankali, ya durƙusa a kan kwalta, hawaye na zuba, ya miƙa makulli da hannu biyu, ya ce, "Ku ɗauki motar. Ku bar mini mutanena."

Wani daga baya ya daka tsawa: "Tashi ka doke shi mana!"

"Rago!"

"Duk wannan ƙirjin na banza ne?"

Aka fara ihu da fito, ana buga benci. Wata robar ruwa ta tashi ta daki allon. Baba Direba ya kafa wa allon ido. Duk abin da ke cikin fim ɗin ƙirƙira ya yi, ban da wannan. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da hantsi, a wata kwana kusa da gada, shi ne ya durƙusa a kan kwalta, fasinja talatin da biyu na bayansa. Dukansu sun koma gida a ranar, ba takalmi, ba jaka, amma da ƙafafunsu. Matarsa ta dafa gwiwarsa, bai juyo ba.

Washegari autarsa ta zauna a hannun kujera tana karanta masa abin da mutane suka rubuta a waya. Ta so ta tsallake wasu, ya ce ta karanta duka.

"Wannan ya ce, wanda ya rubuta labarin nan bai taɓa kallon fim ba. Wannan kuma ya ce jarumi ne ko ɗan aike, daga an ce kawo sai ya miƙa." Ta danne dariya. "Baba, wannan ya ba da tauraro ɗaya, wai shi ma don ƙudan ne, shi kaɗai ya iya wasa."

"Wannan ya fi su hankali," in ji Baba Direba. "Ci gaba."

Ba ta kai ga ci gaba ba aka yi sallama. Darakta ne da Dogo. Darakta ya cire hula ya zauna a ƙasa, abin da bai saba yi ba, Baba Direba ya san da magana.

"Kawu, minti huɗu ne kawai. Mu sake ɗaukar wurin. Ya yi kamar zai miƙa makullin, sai ya kama hannun mutumin ya murɗe, ya ƙwace bindigar. Rana ɗaya ta ishe mu."

"Sauran ukun da ke tsaye da bindiga fa? Za su jira shi ya gama?"

"Fim ne, Kawu."

"Na san fim ne. Ni na rubuta."

Dogo ya gyara zama. "Baba, wallahi tun safe ban huta ba. Duk wanda ya zauna a kujerata sai ya miƙo mini makullinsa da hannu biyu yana kukan ƙarya. Har mai shagon kusa da ni, dattijo da shi."

"Ka yi masa askin?"

"Na yi."

"To me ka rasa?"

Darakta ya ce masu zaure biyu da suka yi alkawarin haskawa sun fara ja da baya. Mutane sun zo ganin duka ne, in ji shi, wanda ya sayi tikiti yana da hakkin ya ga jarumi ya yi jarumta. Baba Direba ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce, "Ka cire mai keke in ka ga dama. Ka manne gashin bakin. Wurin nan kuwa, in ka taɓa shi, ka cire sunana, kuma ka gaya wa uwarka dalili da bakinka."

Matarsa da ke tsaye a ƙofar kicin ta ce, "Tunda ana gyara, ni ma ina da magana. Maigida, shugaban 'yan fashin nan surutunsa ya yi yawa. Mutum zai harbe ka, sai ya tsaya ba ka tarihin kakansa? Matar direban kuma, daga kuka sai kawo ruwa. Ni haka na yi lokacin da abin ya faru? Wa ya je tasha ya tsaya a kan shugabanku har aka tura mota ta ɗebo ku?"

Auta ta sunkuyar da kai tana kallon waya.

"A rage surutun," in ji Baba Direba. "Maganar matar kuma, kin yi gaskiya, na zalunce ta. Amma makulli yana nan."

Asabar ta gaba aka sake haskawa a zauren nan. Mutane sun fi na farko yawa, don labari ya bazu cewa akwai fim ɗin da ake zuwa a yi wa ihu. Wasu samari har da usur suka zo. Wannan karon Baba Direba bai zauna a gaba ba. Ya ja kujera kusa da teburin da kwamfuta take, ya ce wa Darakta, "Nuna mini inda ake tsayarwa, da inda ake mayarwa baya." Darakta ya nuna masa, a zatonsa son sani ne irin na tsofaffi.

Da aka zo wurin, tun Dogo bai gama durƙusawa ba zauren ya ɗauka. Baba Direba ya bari har aka miƙa makullin, sannan ya danna. Hoton ya tsaya. Ya miƙe, ya tako gaban allon, hasken na dukan fuskarsa.

"Ni na rubuta," ya ce. Muryar da ya saba kiran fasinja da ita a tasha ce, ba ta buƙatar lasifika. "Ihunku ya hana ku jin abin da ya faɗa. Za mu sake."

Ya koma ya mayar da shi baya. Ihun ya ninka na farko. Darakta ya riƙo hannun rigarsa yana raɗa, "Kawu, don Allah, za su fasa mana allo." Ya fizge hannunsa. Da wurin ya ƙare, ya sake tsayarwa.

Wani saurayi mai jar riga ya hau kan benci. "Baba, mu fim muka zo kallo! In tsoro kake ji ka zauna a gida, ka bar masu zuciya su rubuta!"

"Kai da kake da zuciya, an taɓa ɗora maka bindiga a kunne?"

"Ko an ɗora mini ba zan durƙusa ba!"

"Madalla. Allah ya sa ranar kai kaɗai ne a motar." Ya juya ga sauran. "Akwai wanda aka taɓa tarewa a hanya a nan?"

Hannu ɗaya ya tashi a tsakiya, sai wani a gefe, sai na wata mata a layi na uku. Bai ce su yi magana ba, bai kuma ba da nasa labarin ba. Ya ce, "To saboda su za mu sake kallo. Wanda ya gaji, ga ƙofa can."

Mai jar riga ya fita da mutanensa, kusan su talatin, suna busa usur. Wasu suka bi su. Waɗanda suka rage suka kalli wurin karo na uku. Wani ya yi fito sau ɗaya, ba wanda ya taya shi. Aka ji muryar Dogo sarai. Daga nan fim ya ci gaba, da aka zo kan gawa da ƙuda kuma aka sake kecewa da dariya, har da Baba Direba.

Da aka tashi, matar nan ta layi na uku ta tsaya a bakin ƙofa tana jiransa. Ta ce kwanuka take sayarwa, shekarunta goma sha biyar tana bin motar haya zuwa saro kaya.

"Malam, wurin nan bai yi daidai ba," ta ce.

Baba Direba ya ɗaure fuska. "Ke ma duka kike so?"

"A'a. Kukan ne. Namu direban bai yi kuka ba, ba wanda ya yi kuka a lokacin. Ni sai da na kwana biyu, ina wanke-wanke, sannan ya zo mini. Kuma makullin, yadda hannunsa ke rawa, kasa zare shi ya yi daga jikin motar. Da ya zare ya faɗi ƙarƙashin kujera, yana lalube, suna zaginsa. Naku ya miƙa shi tsaf kamar mai ba da kyauta."

Baba Direba ya saki fuska. Shi ma nasa makullin faɗuwa ya yi, sau biyu ma. Ya tuna sarai lokacin da yake rubutun, ya tsallake, don bai so a ga hakan ba. Hawayen kuma shi ya ƙara, don a tausaya.

"Haka ne, Hajiya," ya ce. "Na gode."

Ya sami Darakta yana naɗe waya, Dogo na taya shi.

"Ka ce rana ɗaya ta isa a sake ɗaukar wurin?"

Fuskar Darakta ta washe. "Ta isa, Kawu! Wallahi ta isa!"

"To ka nemo motar ranar Talata. Za a cire kukan. Hannun direban zai yi rawa, makullin zai faɗi, zai yi ta lalube a ƙarƙashin kujera. Zai ƙara kamar minti ɗaya."

Darakta ya zauna a kan benci ya dafe kai. Dogo ya kalli hannuwansa, sannan ya ce, "Baba, rawar hannun, daga yatsu take farawa ko daga kafaɗa?"

"Daga gwiwa," in ji Baba Direba. "Zo in nuna maka."

Ranar Talata suka ɗauka, sau tara, a bayan wani garejin da ba kowa. Ɗaya daga masu zauren nan biyu ya janye, ɗayan ya haska sau ɗaya, aka yi ihu, bai sake ba. Darakta ya yi mako biyu ba ya gaishe da kawunsa sai ta bakin uwarsa. Daga baya ƙungiyar direbobi ta aiko a kawo fim ɗin tasha, aka haska shi a rumfar jiran fasinja da tsakar rana, hoton duk ya dushe saboda haske. Nan ba wanda ya yi ihu a wurin makulli. Sai dai bayan an gama, direbobi suka tsare Baba Direba kusan awa guda suna musu da shi, wai ba yadda za a yi mota mai wannan nauyin ta sha kwanar siton cikin fim ɗin a giya ta huɗu. Ya ce ta sha, shi ya ja irinta, kuma bai janye ba.